Matakan Zagayen Tarihi na Yini Guda Daga Birnin Shehu

1. Ka fita da sassafe, kafin ranar Sakkwato ta buɗe. Ka tanadi ruwa da yawa da takalmin da zai jure tafiya.

2. Fara da Hubbare, inda aka binne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817. Ka shiga da ladabi, ka yi addu'a, kar ka ɗaga murya.

3. Wuce Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. Nan ya fi cancanta ka daɗe, domin akwai tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da na ajami, da makaman yaƙi. Ka yi wa ma'aikata tambayoyi, kar ka tsaya kallo kawai.

4. Bayan azahar ka kama hanyar Wurno, ribaɗin (wato garin tsaron iyaka) Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda kabarinsa yake tun 1837.

5. In kana da sauran ƙarfi wata rana, akwai kangon Surame a yankin Binji, birnin da Kanta, Sarkin Kabi, ya gina a ƙarni na 16. Ragowar ganuwarsa ta dutse tana nan. Amma ka tambayi mutanen gari lafiyar hanya tukuna, ka nemi ɗan jagora, kuma ka dawo kafin magariba.