Ƙaramar mota ko jif: abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi

Da yawanmu in za mu sayi mota abin da ke ranmu shi ne babba ta fi kare rai, ƙarama ta fi sauƙin mai. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, amma ga yadda za ka auna.

Fara da hanyar da kake bi kullum, ba wadda kake bi sau ɗaya a shekara in za a je gida sallah ba. In zirga-zirgarka cikin gari ce, kai yara makaranta, kasuwa, ofis, toh Corolla ko Civic ta ishe ka. In kuma kullum kana kan hanyar ƙauye mai gargada da laka da damina, ko iyalinka bakwai ne, nan babbar mota ta zama buƙata.

Maganar nauyi gaskiya ce, Corolla tana wajen kilo 1,300, Prado ta haura kilo 2,000, in suka yi taho-mu-gama na cikin ƙaramar ne suka fi jin jiki. Amma mota mai tsayi ta fi saurin kifewa in taya ta fashe ko ka murɗa sitiyari da ƙarfi kana kauce wa rami, shi ya sa ka tambaya ko tana da ESC, na'urar da ke taka birkin taya ɗaya-ɗaya da kanta in mota ta fara zamewa. A Amurka an wajabta ta ga motoci daga ƙirar 2012, don haka tsohuwar jif ta wajen 2004 tana iya zuwa babu ita. Kuma girma kaɗai ba kariya ba ce, a 2018 Global NCAP, ƙungiyar da ke gwajin haɗarin motoci tana ba su taurari gwargwadon kariyarsu, ta gwada a-kori-kura Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa a Afirka ta Kudu, ko tauraro ɗaya ba ta samu ba wajen kare manya.

Abin da ya fi damuna kuma ba a cika faɗinsa ba shi ne mutanen da ke waje. Titunanmu cike suke da 'yan acaɓa, adaidaita sahu, yara 'yan makaranta da masu talla. Ƙaramar mota tana bugun mutum a ƙafa, jif da bonet ɗinta ke can sama kuwa a ƙirji take samunsa, yaro ma a ka, kuma wallahi in ƙaramin yaro ya tsaya daf da gabanta direba ba ya ma ganinsa. Binciken IIHS, cibiyar nazarin haɗuran mota a Amurka, a 2023 ya nuna motocin da tsayin bonet ɗinsu daga ƙasa ya wuce inci 40 sun fi masu inci 30 ko ƙasa kashe mai tafiya a ƙafa da kusan kashi 45 cikin 100. Saka wannan a lissafinka.

Sai hayaƙi. Duk litar fetur ɗaya da ka ƙona tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama duniya, jif kuwa tana iya shan kusan ninki biyu na ƙaramar mota a tafiya ɗaya, kuma tunda aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aljihu ma ya san wannan.

Ranar da za ka je duba motar, musamman tokumbo, tafi da bakaniken da ka yarda da shi. Ya duba iyabag, jakunkunan iskar da ke buɗewa in an yi haɗari, ko an taɓa fasa su an rufe wurin kawai, fitilarsu ta kama in an kunna makulli sannan ta mutu. Ya leƙa ƙasa ya ga ko indomin salansa, wato matatar hayaƙi, na nan, don ana yawan cire shi a sayar, kuma in babu shi ko ƙaramar mota hayaƙinta guba ne ga wanda ke bayanka a gosulo. Ja bel ɗin kujerun baya ka ji yana kamawa. A jikin taya akwai lamba huɗu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, in ta tsufa a rage maka kuɗin sababbi cikin cinikin.