Yadda ake gasa fai mai ɓawon ruwan zafi irin na Melton Mowbray

Melton Mowbray gari ne a Leicestershire ta ƙasar Ingila, kuma fai ɗinsa na nama ya yi sunan da a 2009 Tarayyar Turai ta ba shi kariya, ba kowa ke da ikon sayar da nasa da wannan suna ba. Su da naman alade da kitsensa suke yi. Mu kaza da naman sa za mu sa, kakide ya maye gurbin kitsen, kuma ba mu ne farau ba, don 'yan Sikotilan da naman rago suke cika irin wannan ɓawo da ake kwaɓawa da tafasasshen ruwa da kitse. Uwargida kada ki ɗauka mitfai ne na kanti. Wannan da sanyinsa ake ci, a yanka shi kamar burodi.

Romon da za a zuba cikin fai ɗin bayan an gasa ya daskare a ciki, shi za ki fara yi, tun jiya. Ki dafa ƙafar saniya ɗaya da albasa da masoro awa 4 a ƙaramar wuta, ki tace, ki kwashe man da ya taso, ki ci gaba da tafasa shi har ya rage kamar mililita 300. Ki zuba cokali ɗaya a faranti ki sa a firij. Idan ya daskare yana rawa ya yi, idan bai yi ba ki mayar da shi wuta.

Nama kuwa giram 500 na cinyar kaza da fatarta, da giram 300 na naman sa mai ɗan kitse. Da wuƙa ake yanka shi ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Na inji yana cuɗewa ya zama dunƙule ɗaya, romo ya rasa hanyar shiga. Rago ban yarda da shi a nan ba, kitsensa in ya huce yana manne wa ganɗa. Ki zuba gishiri giram 12, masoro cokalin shayi 2, gyaɗar ƙamshi rabin cokali. Ki soya ɗan kaɗan ki ɗanɗana, ya ɗara yadda kika saba, domin sanyi yana rage ɗanɗano. Ban da ɗanyar albasa, ruwa take fitarwa ta jiƙa gindin ɓawon.

Sai kwaɓin, inda yawancin masu koyo ke faɗuwa. Fulawa giram 500 da gishiri cokalin shayi 1 da rabi a kwano. A tukunya ki haɗa ruwa mililita 200, kakide giram 120, bota giram 60, da ya tafasa ki juye kan fulawar ki tuƙa da muciya, sannan ki murza da hannu minti 3. Botar ba don daɗi kawai ba ce: kakide zalla yana saurin ƙandarewa, kafin ki gama gini ya tsage. Ki ware kashi ɗaya cikin huɗu na murfi, ki rufe shi da tsumma kusa da murhu.

Sauran ki bar shi kamar minti 15. Mai gaggawa ta ɗora shi da zafinsa, tana ja sama yana zubewa ƙasa, sai ta ƙara fulawa, ɓawon ya fito kamar katako. Mai sakaci ta tafi wani aiki ta dawo ya sandare. Abin da ake nema ɗumi ne kamar na jikin mutum, ki danna yatsa gurbin ya tsaya bai koma ba. Idan ya wuce ki, ki sa shi a leda ki tsoma cikin ruwan ɗumi ya saki.

Turawa da wani guntun katako suke ginawa, ke faffaɗar kwalba ta ishe ki. Ki raba kwaɓin biyu, fai biyu ke nan. Ki naɗe kwalbar da leda ki barbaɗa fulawa, ki dasa gindinta tsakiyar kwaɓin, ki riƙa juyawa kina tura shi sama da tafin hannu, kamar mai ginin tukunya, har ya kai tsawon yatsa. Kauri rabin santimita ko'ina. Ki lura da kusurwar ƙasa, nan yake taruwa ya ƙi gasuwa, sama kuma ya yi siriri ya huje. Ki sa a firij minti 20, sannan ki zuba ruwan ɗumi cikin kwalbar ki murɗa ta a hankali ta fito. Wadda ba ta da haƙuri ta shimfiɗa a gwangwanin kek mai cire gindi, sai dai ba za ta samu wannan ɗan tumbin da na asali ke yi ba, tunda su ba sa gasawa cikin gwangwani.

Ki cusa naman ki danna, ki shafa ƙwai a baki, ki ɗora murfi ki matse da yatsu, ki huda rami a tsakiya. Ki ɗaura masa takardar gashin kek da zare kamar ɗamara. Obin a digiri 200 minti 30, ki rage zuwa 160 na awa 1. Ki cire takardar, ki shafe shi da ƙwai, a ƙara minti 15.

Ya huce awa 2 tukuna. Ki ɗumama romon, ki sa gishiri, ki riƙa zubawa ta ramin da mazurari kaɗan-kaɗan har ya daina shanyewa. In ya tsiyayo ta gefe ki toshe wurin da bota mai sanyi. Ya kwana a firij. Lokacin zafi kada ki bar shi a waje, romon narkewa yake, kuma a cinye cikin kwana 3.