Awa uku a hannunka: wane garin Jamus za ka sauka?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, ɗan yayata ya same ni a shago a Wunti da waya a hannu. Ya samu biza, zai je wani taro a Beljiyam, jirginsa daga Abuja zai sauke shi a Farankfot, daga nan ya ƙarasa a jirgin ƙasa. Ya ce, "Kawu, ina da rarar awa uku zuwa huɗu a hanya. In tsaya Balin ko Munik?" Na ce masa, "Kai yaro, ka duba taswira kuwa?" Tambayar tasa daidai take da ta baƙon da ya taso daga Jos za shi Gombe, ya tsaya Bauchi na awa biyu, ya ce a kai shi Yankari. Ai sai a ce masa ya yi haƙuri, wurin ya fi kilomita 100 daga gari. A kai shi kabarin Tafawa Ɓalewa, ya ci masa da miyar taushe, ya kama hanya.

Abin da na koya a tafiye-tafiyena na sayen kayan gyaran injin shi ne, a gajeriyar tsayawa kada sunan gari ya ruɗe ka. Ka tambayi abu guda: daga bakin ƙofar tasha zuwa abin da nake son gani, minti nawa ne a ƙafa? In ya wuce 20, ka bar garin sai wani jiƙon. Na taɓa sauka Haidelbag saboda hotunan da na gani, ashe tsohon garin yana nesa da tashar. Neman motar da zan hau da jiran ta suka cinye min rabin lokacin, na hangi tsohuwar fadar a kan tsauni, na juya da gudu. Laifina ne, ban auna ba.

Ka fara da lissafi. Awa uku a kan tikiti ba awa uku ba ce a ƙasa. Cire minti 20 na neman akwatin ajiyar kaya da shiga bayi, wanda shi ma sai ka biya kusan yuro ɗaya. Cire minti 25 na dawowa da wuri ka nemo layin da jirginka zai tsaya. Sannan ka bar wa latti gurbi, don labarin da muke ji cewa jirgin Jamus ba ya makara ya tsufa: a 2024 kusan huɗu cikin goma na jiragen dogon zango ba su iso kan lokaci ba. Abin da zai rage maka bai fi awa biyu ba.

Da wannan ma'auni Kolon ce kan gaba, kuma ita na ce wa yaron ya zaɓa tunda a kan hanyarsa take. A allon tasha za ka ga an rubuta Köln Hbf. Hbf ɗin nan a ko'ina ka gan shi yana nufin babbar tashar gari. Kana fita ƙofa, babbar majami'ar garin na tsaye a gabanka, baƙa ƙirin, tsayinta mita 157. Ranar farko da na gan ta sai da hulata ta faɗi garin ɗaga kai. An fara gina ta a 1248, ba a gama ba sai 1880, ka ji aikin da ya fi na ɗan kwangilarmu daɗewa. Ka zaga bayanta, minti biyar ka isa gadar jirgin ƙasa da ta ƙetare kogin Rayin, wadda masoya suka cika wayar gefenta da kwaɗo, dubbai a kan dubbai, kowanne da sunaye biyu a jiki. Ka taka zuwa tsakiya, ka kalli jiragen dakon kaya suna wucewa ƙarƙashinka, ka dawo. Ko awa ɗaya da rabi gare ka, ta isa. Sai dai ka lura, wasu jiragen ICE, wato jiragen ƙasa masu gudun gaske, ba sa shiga babbar tashar, suna tsayawa a Messe/Deutz da ke tsallaken kogi. Ba matsala ba ce, wannan gadar ce za ta kawo ka cikin gari da ƙafa.

Duk wanda ya tashi yana jin Sashen Hausa na DW a rediyon babansa, zuciyarsa za ta ce Bon, tunda bai kai minti 30 daga Kolon ba kuma can gidan rediyon ya koma tun 2003. Ni ma ta ce min. Amma ginin ofis ne kawai, kuma ba a tsakiyar gari yake ba. In ba wani ne ke jiranka a ciki ba, kada ka ɓata awa ukunka.

Mai zuwa Munik daga Farankfot ya nemi jirgin da ke bi ta Nurembag. Ka tsallaka titi daga tasha, ga ganuwar tsohon gari da ƙofarta, abin da zai tuna maka ƙofofin Bauchi. Tsohuwar fadar garin tana can sama, kimanin minti 20 da ɗan hawa. Ka kiyayi ƙananan tsiran da garin ya yi suna da su, naman alade ne. Kalmar Schwein, wato alade, ka haddace ta tun daga gida.

Mai zuwa arewa kuma Hambog. Minti 10 zuwa bakin tafki da babban ginin majalisar gari, sannan a bayan tashar akwai titin Steindamm, inda masallatai da gidajen abincin Turkawa da Larabawa suke a jere. In salla da abinci mai zafi ne damuwarka, nan ya fi ko'ina sauƙi. Garin Heinrich Barth ne, Bature mai yawon bincike wanda ya shiga Kano a 1851 da sunan Abdulkarim. Farankfot ita ma tana da irin wannan a titin Münchener daura da tasha, amma wasu lungunan unguwar cike suke da 'yan ƙwaya, ka riƙe jakarka ka bi babban titi. Laifzig kuwa ina son ta saboda dalili na kaina: can Eduard Vogel ya girma, Bajamushen da ya iso garinmu Bauchi a 1855 zamanin da Turawa ke rubuta shi Yakoba. Tasharta ma kanta abin kallo ce, kasuwa ce guda mai hawa-hawa.

Balin da Munik sai ka ba su yini. Za ka iya ganin ginin majalisar dokoki a Balin cikin minti 10 daga tasha, amma za ka bar garin da haushin abin da ba ka gani ba.

Saura tikiti, inda mutanenmu suka fi yin asara. Mai arha, Sparpreis, yana ɗaure ka da jirgin da aka rubuta a jiki. Ka sauka don raɗin kanka ka hau na baya, sai ka sayi sabo. Don haka tun kana saye a manhajar DB Navigator ta kamfanin jiragen ƙasan Jamus ka shigar da garin da za ka tsaya da tsawon lokacin, tikiti ɗaya ya ɗauke duka. Flexpreis ya fi tsada amma ya sakar maka mara a ranar. Ka riƙe tsabar yuro saboda akwatin ajiya, ba kowanne ke karɓar kati ba. Ran Lahadi shaguna a rufe suke sai na cikin tasha. A Disamba kuma kafin ƙarfe biyar duhu ya yi, saboda haka tsayawar safe ta fi ta yamma, azahar da la'asar ka haɗa su tunda matafiyi ne kai.

Da na gama, yaron ya ce, "To Kawu, tsarabar me zan kawo daga Kolon?" Na ce akwai turaren da ake kira 4711, can aka haife shi, ya sayo wa uwarsa ƙaramar kwalba. Ni kuma ya ɗauko min hoton gadar, don nawa ya tafi da tsohuwar wayata.