Kuɗin goro a aji: kurakuran da malamai suka fi yi, da gyaransu

Kuskuren da ya fi yawa da kyakkyawar niyya ake yin sa. Ana shirin raba takardun jarrabawar lissafi, sai malam ya dubi layin 'yan mata ya ce, "To ku dage fa, kada maza su sake barin ku a baya." A ransa ƙarfafa musu gwiwa yake yi. Amma ya tuna musu abin da ake faɗa a kansu daidai lokacin da suka fi buƙatar natsuwa.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 1995, Claude Steele da Joshua Aronson sun ba ɗaliban Jami'ar Stanford ta Amurka, baƙar fata da farar fata, tambayoyi masu wuya. Da aka ce tambayoyin na auna basira ne, sai makin baƙar fata ya faɗi. Da aka ce aikin gwaji ne kawai, tazarar ta ragu sosai. Hankalin ɗalibi ne ke rabuwa biyu: rabi na kan tambaya, rabi na kan fargabar kada ya gaskata masu cewa irinsu ba sa iyawa. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya, Karla Hoff da Priyanka Pandey sun ga irin haka a 2004: yara maza daga zuriyar da ake rainawa suna warware wasan dabara daidai da kowa, sai da aka ambaci asalinsu a bainar jama'a ƙoƙarinsu ya ja baya. Gyaran ba shi da wahala. Kafin jarrabawa kada a ambaci jinsi, ƙabila ko asali. In akwai gurbin cike irin wannan bayani, a mayar da shi ƙarshen takarda.

Yabo ma yana da nasa dafin. "Ke kam kamar namiji kike a lissafi." "Ɗan ƙauye, amma ga ƙwaƙwalwa!" An yabi mutum ɗaya an zagi danginsa. A yabi aikin: yadda ta bi matakan, inda ya gano kuskurensa da kansa.

Sai yanke hukunci tun makon farko, a ware haziƙai a gaba, a jibge waɗanda aka kira daƙiƙai a benci na baya. A binciken da Robert Rosenthal da Lenore Jacobson suka wallafa a 1968, an gaya wa malaman wata firamare a Kalifoniya cewa wasu yara na gab da bunƙasa, alhali da ka aka zaɓe su. A ƙarshen shekara sun fi ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. An soki binciken, amma ni abin da na ɗauka a ciki shi ne malami ya sa wa kansa ido. Ka yi mako guda kana ɗiga alama a rajista gefen sunan duk wanda ka tambaya. Wa kake jira ya gama tunani, wa kake katsewa ka ce "zauna"? Takardar za ta ba ka kunya, kamar yadda ta ba ni.

Akwai kuma malamin da ke tausaya wa yaro har ya daina gyara masa aiki, wai kada ya karaya. Yaron ya fahimci an fid da rai da shi ne. A binciken da David Yeager da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, an liƙa 'yar takarda daga malami a kan rubutun ɗalibai, mai cewa na yi maka gyaran nan ne don ina sa ran babban aiki daga gare ka, kuma na san za ka iya. Cikin ɗalibai baƙar fata, kashi 71 cikin ɗari sun sake rubutun, amma kashi 17 ne kawai cikin waɗanda ba su sami irin wannan saƙo ba. Jan biro yana nan yadda yake, layi biyu aka ƙara.

Wani kuskuren na masu karanta binciken Steele da Aronson ne, su ɗora masa komai. A 2018, wani babban gwaji a ƙasar Holan, da ɗaliban sakandare sama da 2,000, bai ga tasirin tuna wa 'yan mata abin da ake faɗa a kansu a makinsu na lissafi ba. Don haka in yarinya ta faɗi, kafin a ce fargaba ce, a fara duba ko tana da littafi, ko talla ta bar ta ta yi bita, ko ma an koyar da darasin.