Yadda na gyara kwamfutar gida da ta ƙi kama intanet ɗin tauraron ɗan Adam

Ranar da aka ɗora mana faranti a kan rufin kwano, wayoyin gidan duk suka kama intanet, ban da kwamfutar tebur da na haɗa ta kebul da modem, wato na'urar da ke raba intanet ɗin a gida. Raina ya ɓaci sosai, domin a kanta nake yin aikin da nake ci da iyali.

Kebul na fara zargi. Na duba ramin da yake shiga a bayan kwamfutar, ga 'yar fitila koriya tana ƙiftawa, alamar yana lafiya. Na kashe modem na sake kunnawa, shiru.

Sai na buɗe cmd, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, na rubuta ipconfig, umarnin da ke nuna lambobin adireshin kwamfuta. Nan na ga bakin zaren: adireshin kwamfutar 192.168.8.50 ne, ƙofar fitarta (adireshin na'urar da take bi ta shiga intanet) 192.168.8.1, alhali a wayata adireshin ya fara da 192.168.1. Ashe lambobin tsohuwar na'urar da muke sa wa layin waya ne, waɗanda na rubuta da hannu bara saboda firinta. Kwamfutar tana ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu ita.

Na danna maɓallin Windows tare da R, na rubuta ncpa.cpl don buɗe jerin hanyoyin haɗin intanet, na shiga saitin adireshi (IPv4) na Ethernet, wato haɗin kebul, na zaɓi ta riƙa karɓar adireshi da DNS (mai fassara sunayen shafuka zuwa lambobi) kai tsaye daga modem. Cikin daƙiƙu kaɗan ta samu 192.168.1.34. Na gwada ping 8.8.8.8 a cmd, umarnin da ke aika saƙon gwaji zuwa wata kwamfuta a intanet, amsa huɗu suka dawo cif.

Firintar ma sai da na sauya mata adireshi daga baya kafin ta yarda ta buga.