Yadda nake koyar da nazarin labarin gado da tuba

Idan na ba ɗalibaina a nan Sakkwato ƙagaggen labari mai magana kan gadon iyaye da komawar mutum ga Allah, jigo, wato babban saƙon labarin, suke fara farauta, su rubuta shi a layi guda su huta. Ni kuwa cewa nake a bar jigo sai ƙarshe.

Karatun farko ka yi shi ba biro a hannu, ka bar labarin ya ja ka. A na biyu ne aiki yake. Ka samu littafin rubutu, ka raba shafi gida biyu: gefe guda abin da tauraro yake aikatawa kafin ya sauya, ɗaya gefen abin da yake aikatawa bayan nan. Aiki na ce, ba magana ba. Marubuta da yawa sukan sa tauraro ya yi kuka bayan sallar asuba, shi ke nan wai ya zama sabon mutum. Ma'aunin da nake ba yara tun a makarantar zaure muka ji shi, wato sharuɗɗan tuba: nadama, barin laifin, ƙudurin ba za a koma ba, sai mayar da haƙƙin mutane. Wannan na ƙarshen shi ke tona marubuci. A ce saurayi ya dawo daga Legas bayan ya sayar da gonar gado ba da sanin ƙannensa mata ba. Ya biya su? Ya je ya durƙusa gaban gwaggonsa? In littafin ya ƙare bai yi ba, ka rubuta haka, ka tambayi kanka ko marubucin ya manta ne ko da gangan ya bari. Amsoshin biyu duk nazari ne.

Batun gado kuwa, wato al'adu da tarihin da muka gada, mu a garin nan ba mu da uzurin nazarinsa daga kan kujera. In labarin ya ambaci ziyara, ka je Hubbaren Shehu ka ga yadda ake tuɓe takalmi da yadda mata ke zuwa daga ƙauyuka. In ya taɓo tarihi, ka leƙa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, ka riƙe shekarun da ba su motsi: hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, kafa birnin Sakkwato a hannun Muhammadu Bello a 1809, rasuwar Shehu Usmanu a 1817, shigowar Turawa a 1903. Marubuci yana da damar ƙirƙira, amma ya kamata ka san inda ya ƙirƙira. Idan akwai tsohuwa mai koyar da mata a labarin, ka gwada ta da jaji, wato jagorar 'Yan Taru, irin matan da Nana Asma'u ta riƙa turawa ƙauyuka da waƙoƙin karantarwa.

Abin da ya fi min amfani shi ne karanta wa tsofaffi. Ka zaɓi shafin da ya kwatanta suna ko zaman makoki, ka ce, "Inna, haka kuke yi a zamaninku?" Za ta gyara maka abin da babu shi a kowane kundi, wani lokaci ma ta gaya maka cewa wannan al'adar Kano ce, ba ta nan ba.

Inda labari ya kawo bori ko camfi, kada ka yi saurin yanke wa marubuci hukunci. Ka duba bakin wa maganar ta fito, da abin da ya sami mai ita daga baya.

Bayan wannan sai ka rubuta jigo, kowace magana ka kafa ta da lambar shafi. Wadda ka rasa mata shafi, ka soke ta.