Robar Sitaci: Kurakuran da Na Gaji da Gani

Duk wanda ya kawo mini faifan robar sitaci, wato robar da ake dafawa a gida da sitaci, da ya lalace, kafin ya buɗe baki na san abin da ya yi. Haɗin ai ba asiri ba ne: babban cokali 1 na sitacin rogo ko na masara, 4 na ruwa, ƙaramin cokali 1 na ruwan khal, 1 na gilisirin ɗin da ake sayarwa a kemis. A dama da ruwan sanyi, a ɗora kan wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa. Sitaci ba ya kumbura sai zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 70, don haka wanda ya sauke tun haɗin yana fari-fari, gari zai kankare, ba roba ba. Jira ya yi kauri, ya yi garai-garai. Masu zuba sitaci cikin tafasasshen ruwa kuwa, su tambayi mai talge yadda gudaji ke samuwa.

Amma ba a tukunya aka fi yin asara ba, a wajen shanya ne. Ni kaina a nan na sha wuya. Wata damina, cikin Agusta, na zuba fayafai 12 da zan yi wa fitilu riga, na yi su da kauri wai don su yi ƙarko, na rufe ɗaki don gudun ƙura. Kwana huɗu na buɗe ƙofa, wari ne ya fara tarbe ni. Fumfuna kore da baƙa ta yi musu lulluɓi, ko ɗaya bai tsira ba, ga mai aikin yana ta kiran waya. Da haushi ya ɗebe ni, na gaba sai na baza su a rana tsaka. Sama ya bushe, ƙasa na jiƙe, suka nannaɗe kamar ganda a wuta, suka tsattsage.

Ku ji da kyau, don na gaji da maimaitawa: muddin abin nan bai bushe ba, abincin fumfuna ne. Ni dai yanzu ba na wuce kaurin milimita 2 zuwa 3, a kan gilashi ko tayil, a inuwa, fanka na kaɗawa daga nesa. Ba na ɓamɓarewa sai gefen ya ɗago da kansa, sannan in danne shi da littattafai kwana biyu. Kuma yana tsukewa sosai, ku zuba fiye da girman da kuke so. Idan dole ce ta sa na yi da damina, nakan ɗiga man kanumfari don gudun fumfuna. Wasu na rantsuwa da busarwa a oben. Ni ban yarda da shi ba.

Sai gilisirin. Shi ke sa laushi, amma yana jan danshin iska. Ka cika shi, faifan ya yi ta danƙo yana kwasar ƙura har abada. Ka rage, ya karye kamar ƙwai. Awon da ya yi maka daidai da hunturu zai ci amanarka da damina. Kuma don Allah ku riƙa rubuta awo! Mutum ya yi sa'a sau ɗaya, ka tambaye shi nawa ya zuba, ya ce "da ido na auna".

Masu amfani da jelatin a maimakon sitaci, ku tambayi asalinsa, da yawansa daga fatar alade ake yi. Agar, wanda shi ma ake yin robar da shi, daga ciyawar teku yake, sai dai shi sai ya tafasa yake narkewa.

Wajen sa launi kuwa, zoɓo yana ba da ja mai ɗaukar ido, amma rana na kashe shi, kanwa kuma na juya launinsa. Garin gawayi da jar ƙasa ba sa koɗewa.

Kada ku yi kofi ko faranti da shi ku sayar wa mutane. Ruwa na taɓa shi zai yi laushi. Haka kada ku yi wa mai saye alkawarin duk robar tsirrai na ruɓewa a bola. Robar PLA da ake zuba wa injin ɗab'in 3D daga sitacin masara ko rake ake samo ta, amma sai a masana'antar taki mai zafin kusan digiri 58 take ruɓewa.

Abin da kuka gama kuma, a sa a mazubi mai murfi. Ɓera ya taɓa cinye mini 'yan kunne guda shida a dare ɗaya, ya bar mini ƙarafan.